Gashin Idon Elias

"Ashe gaskiya Edna ta faɗa mini. Gashin ɗana ne wannan?"

Hilda ta ɗago daga kan tasar da ke gabanta. Mama Dokas ce, mahaifiyar saurayinta Elias, tsaye a tsakar gidan su Hilda a Bagadaza.

"Na idonsa ne, Mama..."

"Gashin namiji da ƙwan kwaɗo. Ko mahaukaci ya san sunan wannan. Auren nan an fasa!"

Edna kuwa, wata budurwa da ke son Elias, tun da ya sayi sabuwar Besfa take kai wa tsohuwar tuwo, tana haɗawa da tsegumi. Hilda malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata. Tana neman siririn abin da za ta shafi 'ya'yan kwaɗi da shi don darasi, ta gwada tsinke da zare, duk sun yi kauri, sai Elias ya miƙa mata fuska yana dariya, ya ce, "Tsige, masoyiyata, idon ma naki ne."

Tana son mutumin nan har cikin ranta, ga shi ƙwan kwaɗo zai raba su.

"Mama, ki zauna ki gani da idonki. In asiri ne, da kaina zan bar shi."

Tsohuwar ta zauna, ba don ta yarda ba, sai don ciwon ƙafa. Hilda ta ba ta gilashin ƙara girma da tsinken da aka liƙa wa gashin.

"Shafi wannan ƙaramin ɗan kwaɗon."

Ta shafa, ko gezau.

"Matacce ne," in ji tsohuwar.

"Da ransa. Jijiya ce take tsirowa daga bayansa tana neman fata. Sai sun haɗu yake sanin an taɓa shi. Gwada wancan, ya girme shi."

Gashin na sauka, ɗan abin ya lanƙwashe, ya yi wutsil. Mama Dokas ta sake shafawa, ta kuma sakewa.

"Mutum ma haka yake a ciki?"

"Kusan haka, Mama."

Tsohuwar ta dafa cikinta, idonta ya kawo ruwa.

"Biyu na rasa kafin Elias. Shi ma sai da na fid da rai, ina daka, na ji ya motsa..."

Ta miƙe tana gyara ɗankwali.

"Asabar za mu kawo kaya, 'yata. Amma ki bar masa sauran gashin, kada a ɗauki hoton angona kamar figaggen zakara."