Ranar da Tukunyar Kori Ta Kife

Ɗana yana aji huɗu. Tun da mahaifiyarsa ta rasu, mu biyu ne a gida, ni da shi. Ni gyaran keke nake yi. Ranar Lahadi ƙanin matata, Shigeru, yakan zo ya ci abinci da mu.

Wata Lahadi muna cin taliya sai aka sa talla a talabijin. Tallar wani sabulun wanka ce mai suna Guguwa. Wani ƙato ya rungumi firji yana hawa bene da shi. Mutum biyu suka taho za su taimaka, ya kore su da harara. Sai wata murya mai kauri ta ce, "Namiji ba ya cewa a kama mini."

Shigeru ya buga tebur. "Yawwa! Wannan ita ce magana. Mazan yanzu duk sun yi laushi kamar awara."

Na ce, "Sabulu fa suke sayarwa. Me ya haɗa sabulu da firji?"

"Yaya, kai ma ka bi masu surutu a rediyo? Wai a cire tallar, tana ɓata yara. Ina ɓatawar? Jarumta ake koya musu."

"Ni dai na san wani jarumi da ya ɗaga buhun shinkafa bara, muka kai shi asibiti a kwance."

"Santsi ne ya ɗebe ni!" in ji Shigeru.

Na dubi ɗana. Idonsa na kan talabijin.

Washegari ya fito yana tafiya hannuwa a buɗe, kamar mai maruru a hammata. Ya ƙara wa muryarsa kauri. Murfin kwalbar zuma ya ƙi buɗuwa, na miƙa hannu, ya janye.

"Bari, Baba. Namiji ne ni."

Haka ya ci burodinsa babu zuma.

A makon nan, shi da abokansa ne ke rabon abincin rana a ajinsu. Sukan sa farar riga da hula, su ɗauko abinci daga kicin. Tukunyar miya mutum biyu ke ɗauka, kowa da gefensa. Ranar Alhamis kuwa ranar miyar kori ce, wato wata miya mai kayan ƙamshi da ake ci da shinkafa, wadda yara ke ɗoki tun Litinin.

Ranar Alhamis ɗin da rana malamarsu, Malama Kuwabara, ta buga mini waya.

"Don Allah ka kawo masa wando da safa. Lafiyarsa lau. Amma ka yi sauri."

Na hau keke na tafi. Tun daga ƙofa nake jin ƙamshin kori. A bakin ajinsu na tarar da ɗana a tsaye, daga ciki zuwa ƙafa duk ya koma rawaya. Ga karas a cikin takalminsa. Ga tukunya a kife, miya ta malale har gindin bene.

Wata yarinya mai suna Kotone, wadda aka haɗa su ɗaukar tukunyar, ta riƙe ƙugu.

"Baba, na ce ya bari in kama. Ya harare ni, ya ce wai namiji ba ya cewa a kama mini. Bai yi nisa ba ya fara rawa da ita."

Na leƙa ajin. Yara na zaune, kowa da farar shinkafa a gabansa, babu miya. Wani yaro har ya fara hawaye.

Bayan ya sauya wando an goge ƙasa, Malama ta tsuguna a gabansa.

"Ka ƙone?"

"A'a, Malama."

"Madalla. Amma 'yan ajinku suna jin yunwa. Ka san abin da ake yi idan aji ya zubar da miya. Za ka bi sauran azuzuwa da tukunya, ka roƙi kowa ya sam muku kaɗan."

Ɗana ya dube ni. "Baba, ka je mini."

"Ni ba ɗan aji huɗu ba ne," na ce. "Amma zan bi ka a baya."

Ya ɗauki tukunyar da aka wanke. Kotone ta biyo mu, hannunta a baya. Ƙofar farko ta 'yan aji shida ce, manyan yara. Ɗana ya buɗe baki, kaurin muryar nan ya gudu. Sai wani ɗan siririn sauti ya fito.

"Ba mu ji ba!" in ji ajin.

Ya rufe ido ya ɗaga murya. "Na zubar da miyar ajinmu. Don Allah ku taimaka mana."

Wani babban yaro ya miƙe. Ya fi Malama tsawo, shi ne gwanin kokawa na makarantar. Ɗana ya ja da baya.

"Kai ne mai firji?" in ji yaron. Ajin ya fashe da dariya. Ya ɗauki ludayi ya zuba masa miya. "Kada ka damu, ƙanena. Ni da nake aji uku, madarar ajinmu duka na zubar."

Haka muka yi ta bi aji aji. Kowa ya ba da abin da zai iya. Tukunya ta fara nauyi. Miya ta fara kaɗawa a hannun ɗana. Ya tsaya, ya dubi Kotone.

"Kotone."

"Na'am, jarumi?"

"Ki kama mini."

Ta sa hannu a kunne. "Iska ce ke magana?"

"Don Allah ki kama mini!"

Ta kama. Suka shiga aji tare, yara suka yi ta tafi. Miyar ta ishi kowa, har ni aka zuba wa a kwano.

Da suka gama ci, Malama ta tambayi ajin, "Mai firjin nan, wa ya riƙa masa fitila? Wa ya ɗauki hotonsa? Wa ya dafa masa abinci ranar?"

"Mutane da yawa!" in ji yara.

"To kun gani. Shi ma an kama masa, ba a dai nuna muku ba."

Da aka tashi, na goya ɗana a keke. Muna tafe ya ce, "Baba, ɗaukar tukunya ni kaɗai bai yi wuya kamar buɗe baki a aji shida ba."

"To me ka gane?"

"Neman taimako ba ragwanci ba ne. Kuma ba duk abin da talla ta faɗa ne gaskiya ba."

"Haka ne," na ce. "Yanzu ga tudu a gabanmu, kuma ka ci kori ka ƙoshi. Sauka ka tura mini."

Ya sauka yana dariya, ya tura.