Rigar Ruwan Ɗan Agwagwa

A unguwar Yara akwai wata yarinya mai son tsafta har ta yi yawa. Da kajin gidansu za su tsaya, da su ma sun sha wanka.

Wata Asabar, maƙwabciyarsu Malama Anjelina, mai koyar da kimiyya, za ta unguwa. Ta ba yarinyar amanar ɗan agwagwarta. Shi kaɗai shaho ya bar mata.

"Dusa da ruwa kawai za ki ba shi," in ji Malama.

Yarinya ta shafa bayansa, ta ji maiƙo. "Kai, wannan ƙazanta!" Ta cuɗa shi da sabulu, ta sa shi a babban baho ya yi iyo.

Ina iyo! Gashinsa ya jiƙe sharkaf, ya fara nutsewa.

"Mama! Zai mutu!"

Mama ta tsamo shi, ta naɗe shi a tsohon zane. Yarinya ta rungume shi a rana, yana karkarwa, tana kuka. Tsoro da kunya suka cika ta.

Da Malama ta dawo, yarinya ta faɗa mata komai. Malama ta ɗauko man gyaɗa da kofin ruwa. Ta ɗiga man a cikin ruwan.

"Me kika gani?"

"Sun ƙi haɗuwa, Anti."

"Yawwa. Ruwa ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, sun riƙe juna gam. Ba sa sakin 'yan'uwansu su kama na mai. Sabulu kuwa hannu biyu gare shi. Ɗaya ya kama mai, ɗaya ya kama ruwa, su tafi tare."

"Ashe maiƙon ba datti ba ne?"

"Rigar ruwansa ce kika tuɓe masa. Amma jikinsa na fitar da mai, zai shafa wani da bakinsa. Sai mu yi haƙuri."

Kullum yarinya na leƙa shi. Ta gane cewa kyakkyawar niyya ba ta isa ba, sai da sani. Matambayi ba ya ɓata.

Rannan Malama ta ce a sake gwada shi a baho. Ɗan agwagwa ya tsaya a saman ruwa, ɗigo na gangarowa ta bayansa. Ya girgije, ya ɓata wa yarinya farar rigarta. Dariya kawai ta yi, ko sabulu ba ta nema ba.