Haƙoran Rufaida

"Wa ya ce a fere su?"

Rufaida ta ture hannun likitan haƙorin ta tashi zaune a kan doguwar kujerar. Likitan ya kashe ɗan injin da ke hannunsa. Ya dubi Abdulhadi da ke tsaye a bakin ƙofa, sannan ya dube ta.

"Madam, na zaci kun gama magana. Mun shafa maganin haskakawa har sau biyu bai ci ba, don tabon a cikin haƙorin yake. Abin da ya rage shi ne a fere shida na gaba a sa musu farar hula. Wannan na gefe da ya gutsure kuma a cire shi, a dasa ƙarfe a ƙashi, a ɗora sabo."

"Suna da ciwo?"

"Ba su da ciwo."

"In an fere su, suna sake tsirowa?"

"A'a."

"To wa ya ce?"

"Ni na ce, ƙalbina..." in ji Abdulhadi. "Don ke na yi."

Ta kwance ƙyallen da aka ɗaura mata a wuya, ta ninke shi ta ajiye, ta yi wa likitan godiya ta fita.

Rufaida malamar lakol ce, wato makarantar boko, a Agiye, amma a Tibiri aka haife ta. Haƙoranta suna da ratsin ja-ja kamar na tsaranta da yawa a garin, waɗanda suka sha ruwan famfo suna yara, kafin a gano wani sinadari ya yi yawa a cikinsa. Wasu a haƙori abin ya tsaya. Wasu ya kai ga ƙashi. Abdulhadi kuwa ɗan kasuwar wake ne a Gazawa, kuma a shekarar nan da sojoji suka ce za su mayar da mulki, ya tsaya takarar konseye, wato kansila. Shi ya kawo ta Maradi a kan cewa wanki kawai za a yi kafin biki.

Ya cim mata a gindin dalbejiyar da ya jingine moto, wato babur ɗinsa.

"Rufaida, tsaya mana! Mutane na kallo."

"Su kalla. Ka ce mini wanki. Ashe fiɗa ka kawo ni a yi."

"Sharaɗin Hajiya ne, sanyin idona. Ta ce ba za a kai lefe ba sai bakin ya yi fari."

"Me haƙorana suka yi wa mahaifiyarka?"

Ya shafa ƙeya. Sai da ta maimaita tambayar sannan ya amsa.

"Marwa ce... ƴar kawuna. Kin san ita ce Hajiya ta so in aura. Ta je ta ce mata wai taba kike ci. Garin taba da kanwa, irin na tsofaffi. Wai shi ya rine miki baki."

Rufaida ta zuba masa ido.

"Kai kuma ka ce mata me?"

"Na ce... kin daina."

"Na daina!"

"Saurare ni, masoyiyata. In na ce ruwan Tibiri ne, magana ta ƙare. Hajiya ta taɓa ganin yaran can a rakiyar asibiti. Za ta ce jikokinta ma haka za su fito. Taba ana bari. Wancan kuwa ba za ta taɓa yarda ana rabuwa da shi ba."

"Ni da ko goro ban taɓa saka wa bakina ba. Ina tsaye gaban allo ina koya wa ƴaƴan mutane tsabta, ashe a Gazawa mai cin taba ce ni, kuma da sa hannunka."

"Na ɗan lokaci ne..."

"Yaya Mero fa? Ranar kai amarya, me za ka ce game da ƙafafunta? Ita ma taba ce?"

Bai ɗago ba.

"Na yi tunanin... tafiyar da nisa. Gara ta huta a gida."

Rufaida ta gyara gyalenta, ta tare kabu-kabu, ta ce a kai ta tashar Tibiri.

Ta tarar da Mero a tsakar gida a kan keken ɗinki na hannu. Mero ce babbar yayarta. Ƙafafunta sun lanƙwashe tun tana ƙarama, da sanda take tafiya. Tana da miji mai gyaran amalanke da ɗiya biyu. Ta saurari labarin duka ba ta daina juya keken ba, sai da aka zo kan taba ta tuntsire da dariya.

"Ke ce mai cin taba? To ina rabona, ƴar rowa?"

"Yaya Mero, ba abin dariya ba ne."

"Mi kike so in yi, kuka? Na gama nawa tun tuni." Ta ciji zare ta tofar. "Ji nan. In don ni kika ƙi, kin yi wauta. Da akwai mai miƙe mini ƙafafun ga, wallahi da rarrafe zan je mishi. Farin haƙori ba zunubi ba ne."

"Na sani. Ranar da na so, da ƙafata zan koma wurin likitan. Amma ba don a goge garinmu daga bakina ba, a kuma bar ki a gida kamar kayan da ake ɓoye wa baƙi."

Keken ya tsaya.

"Ya ce a bar ni gida?"

"Ya ce ki huta."

Mero ta dubi rigar da ke ƙarƙashin allura. Sannan ta ce, "Miƙo mini atamfata mai kore. Na daɗe ina son ganin Gazawa."

Ranar kasuwar Gazawa suka iso. Gidan Hajiya Binta cike yake da mata, ana dafa shinkafar ƴan yaƙin neman zaɓe, hotunan Abdulhadi a manne har jikin rumbu. Hajiya tana zaune a kan darduma a inuwar zaure na ciki. Marwa ce a gefenta tana yi mata fifita.

Rufaida ta yi sallama ta durƙusa. Mero ta dogara sanda ta sauka a hankali har ƙasa. Hirar matan ta ragu.

"Lale, malama," in ji Marwa. "A kawo miki ruwa, ko kin taho da abin taɓawarki?"

Wasu suka yi ƴar dariya a cikin gyale. Rufaida ba ta dube ta ba.

"Hajiya, na zo ne a kan maganar da aka gaya miki. Ban taɓa cin taba ba. Ruwan garinmu ne ya yi mini haka tun ina yarinya. Wannan yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Randa ɗaya muka sha. Ni ya tsaya mini a haƙori, ita ya sauka mata a ƙafa."

Hajiya ta dubi Marwa. Fifitar ta tsaya.

"Ni dai abin da na ji ake faɗa..." in ji Marwa.

"Rufe mini baki. Je ki kira shi," in ji Hajiya.

Abdulhadi ya shigo da babbar riga da hula, da alama daga taro aka taso shi. Da ya ga Mero sai ya ja ya tsaya, sannan ya tsuguna nesa kaɗan.

"Ka san da wannan?" in ji Hajiya.

"Na sani, Hajiya."

"Tun yaushe?"

"Tun farko."

"Ka bar ni ina zagin ɗiyar mutane da abin da ba ta yi ba? Har gidan suna na faɗa! Haba Abdulhadi!" Ta juya ga Rufaida. "Ki yafe mini, ɗiyata. An sa na ci namanki a banza."

"Na yafe, Hajiya."

Hajiya ta waiga. Idonta ya sauka a kan ƙafafun Mero, ya daɗe a can.

"Ba a gadonsa, Hajiya," in ji Mero. "Ɗiyana biyu, an canza ruwa kafin a haife su. Garau suke. Babbar in ta ɗauki gudu, ko akuya sai ta yi da gaske."

"Allah ya raya su." Hajiya ta ja carbinta. "Haka kowa yake faɗa. Amma ni tsohuwa ce, abin da idona ya gani shi na sani. Ɗa ɗaya gare ni namiji. Ba zan yi caca da jikokina ba. Ku yi haƙuri, ba ƙiyayya ba ce."

Babu wanda ya motsa. Rufaida ta juya ta dubi Abdulhadi. Duk matan ma shi suke kallo, har masu tuƙa tukunya.

Ya buɗe baki, ya dubi matan, waɗanda yawancinsu masu ƙuri'a ne a unguwar.

"Hajiya... a bar maganar tukuna. Bayan zaɓe sai a zauna."

Rufaida ta miƙe. Ta kama Mero ta tayar da ita, suka yi wa Hajiya sallama yadda ya kamata, suka fita.

A tasha ya same su. Motar Maradi ta kusa cika, yaron mota yana ɗaure buhunan wake a sama. Ya kashe moto ya taho da sauri, rigarsa na jan ƙasa.

"Rufaida! Farin cikina, don Allah... Kin ga abin da na gudar mana? Na gaya miki haka za ta ce!"

"Ka gaya mini. Ka fi ni sanin mahaifiyarka, ban musa ba. Ita ba ta san ni ba, tsoro ne ya yi mata magana. Kai fa?"

"Ina son ki, wallahi ina son ki! Ki bar haƙoran yadda suke, na janye. Ki ba ni lokaci kawai. Da an gama zaɓe zan shawo kanta, zan kai ta Tibiri da kaina ta ga yaran."

Ta san ba ƙarya yake yi ba. Abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. Ta ji zuciyarta ta fara saukowa, har ta fara lissafin ko za ta iya jira.

"Hajiya mai sanda, a shiga!" in ji yaron mota yana duban Mero.

Matakin motar yana da tsawo. Mero ta jefa sandarta ciki, ta kama ƙofa, ta ɗaga ƙafa ta kasa kaiwa. Ta sake gwadawa. Abdulhadi ne ya fi kowa kusa da ita. Ya ɗaga hannu zai tallafe ta, sai ya tsaya. Ya waiga dama, wajen teburin mai shayi inda wasu ƴan jam'iyyarsa ke zaune. Ya waiga hagu. Sannan ya miƙa hannun.

Waigen bai fi ƙiftawar ido ba. Rufaida ta gani.

Ta shiga tsakaninsu.

"Bar ta."

"Taimaka mata zan yi, ƙalbina..."

"Na ce bar ta, Abdulhadi."

Ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatar yayarta, kamar yadda ta saba tun suna tafiya lakol, ta ɗaga ta har kan kujera. Ta shiga ta zauna kusa da ita. Ya riƙe gefen taga.

"Yaushe zan zo?"

"Kada ka zo. Zan gaya wa Baba ya sanar da manyanka."

"Rufaida... saboda wannan kawai?"

"Allah ya ba ka sa'ar zaɓe."

Yaron mota ya ja ƙofa ya buga bayan motar. Sai da suka wuce gonakin bakin gari Mero ta yi magana, idonta a kan hanya.

"Kina iya kuka yanzu. Ba wanda ya san mu a nan."

"Sai mun wuce Agiye," in ji Rufaida. "Akwai iyayen ɗalibaina a baya."