Haƙorin da Nergis Ta Bari a Istanbul

"Buɗe bakinki, Nergis."

Ta buɗe, don ba ta da sauran ƙarfin musu. Kwana tara ke nan ba sa magana, ga shi yau tana kwance a kujerar asibitinsa, Tarik na tsaye a kanta da allura. Takardar izinin tafiyarta na kan tebur, kusa da shayinsa da ya huce.

Shekara huɗu tana neman tallafin gwamnati don ta je Antatika ta haƙo tsohuwar ƙanƙara ta yi bincike. Sau uku ana ce mata sai baɗi. Bana aka ba ta, amma jirgin ruwan a Janairu zai tashi, watan da aka sa bikinta da Tarik. Can kuma babu likitan haƙori, don haka ba mai tafiya sai an cire masa duk haƙorin da ke shirin ciwo, likitansa ya buga hatimi. Yau wa'adin zai cika. Likitanta kuwa, tun kafin a fara soyayya, Tarik ne.

Ya yi mata allurar, ya cusa mata auduga.

"Yauwa! Yau zan yi magana ba mai katse ni... abin da ban taɓa samu ba tunda na san ki."

Ta harare shi.

"Esin ta je gidanmu. Ƙawar taki ta wurin aiki, wadda za ta maye gurbinki in kin fasa. Har da alawar baklava ta kai wa Mama! Ta ce wata uku za ki yi cikin maza ashirin, wai mutane na dawowa ba yatsu saboda sanyi. Ita ta faɗa wa Mama in ban buga hatimi ba, ba inda za ki."

Nergis ta lumshe ido. Ko haushi ba ta ji ba, gajiya ce kawai ta danne ta. Esin ɗin da suke raba burodi ɗaya kullum a jirgin fito...

"Mama ta ce in rubuta na ga ciwo a dasashinki. Sati biyu na magani, wa'adi ya wuce, a sha biki. In kuwa kika tafi, wai babu ita babu ke."

Muryarsa ta yi ƙasa.

"Kuma wallahi na so in yi, masoyiyata. Jiya har na rubuta."

Hawaye ya gangaro mata har cikin kunne. So take ta ce masa tana ƙaunarsa, tana kuma son aikin nan, ta gaji da a ce ta zaɓi ɗaya. Abin da ya fito kawai shi ne, "Aaa..."

"Na sani. Kullum ke ce da gaskiya."

Ya sunkuya, ya kama haƙorin na can ƙurya. Ya zaro shi, ya jefa cikin tasa.

Ya cire safar hannu, ya zauna ya zuba wa takardar ido har ta ɗauka ya manta da ita. Can ya jawo hatimi ya buga.

"Sau uku gwamnati tana ce miki a'a, ni nake share hawayen. Ba zan zama na huɗu ba."

Ta zaro audugar, baki a karkace. "Bikin fa?"

"Afrilu."

"Mama fa?"

"Ki bar ni da ita. Mayar da audugar nan, malama!"

Ranar tafiya, da sassafe, motar haya ta tsaya a ƙofar gidansu Nergis. Tarik ya loda akwatuna, ya nuna mata wata 'yar kwalba a aljihunsa, haƙorin na ciki.

"Jingina ce. In kina son kayanki, ki dawo."

Ta yi dariyar da ta ƙare da kuka. Ta duba layin sama da ƙasa, ba ta ga mahaifiyarsa ba. Sati shida tsohuwar ba ta ɗaga wayarta, yau ma ga shi ba ta zo ba. Nergis ta shiga motar jiki a mace.

Har sun fara tafiya direba ya dubi madubi ya ce, "'Yar'uwa, waccan taku ce?"

Ta waiga. Mama Shukran ce, mahaifiyar Tarik, tsaye a tsakiyar titi, fuska a ɗaure, silifas ɗin ɗaki a ƙafarta, ta zo zuba ruwan da ake zuba wa matafiyi a baya don ya dawo lafiya.

Kofi ɗaya kowa yake zubawa. Ita bokiti guda ta juye.