Zoben da Ya Koma Kore

A wani zamani mai nisa, an yi wata mata mai yin man gyaɗa. Tana da aminiya a hayin kogi, mai yin man kaɗanya. Wata rana aminiyar ta sayi zobba biyu a hannun fatake, kowanne da ƙwayar fairuza, wani dutse mai launin sararin sama. Ta ba ta ɗaya, ta riƙe ɗaya.

Mutanen ƙasar kuwa suna cewa, in zuciyar wanda ya ba ka fairuza ta juya, dutsen ma sai ya juya. Bayan damina biyu, dutsen mai man gyaɗa ya koma kore.

Maƙwabciyarta ta gani, ta ce, "Ai zuciyarta ta juya. Yar da shi!"

Ta ce, "Sai na ji daga bakinta."

Ta kama hanyar gidan aminiyar. A bakin kogi mai kwalekwale ya ga zoben, ya ce, "Baiwar Allah, zuciyarta ta juya. Koma gida."

Ta ce, "Sai na ji daga bakinta."

Da ta isa, ta tarar da aminiyar tana ɓoye hannu cikin zane. Ta ce, "Ƙawa, me kike ɓoyewa?"

Aminiyar ta fito da hannu. Nata ma kore shar! Ta ce, "Wata uku ke nan na kasa zuwa gidanki don fargabar kada ki gan shi ki ce zuciyata ta juya."

Wata tsohuwa a gidan ta tuntsire da dariya, ta ce, "Ku dai 'yan nan! Dutsen nan shan mai yake yi. Kullum hannuwanku cikin mai, ta yaya zai zauna shuɗi?"

Suka rungume juna suna dariya. Sai da baƙuwar ta kwana uku kafin aka bar ta ta koma gida.