Yajin Inna Dudu

Tsakar rana aka watso wa Barakatu kayanta waje, a gaban matan unguwa a Wara. Marainiyar Allah! Shekara shida tana girki a gidan ƙanen mahaifinta, Bappa Sallau, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba, yau ga ta durƙushe da shatin bulala a wuya. Sau uku ke nan Yasira, autar gidan, tana kumbura bayan cin abinci, numfashinta na sarƙewa, alhali tuni likita ya hana ta gyaɗa ko da ƙwaya ɗaya.

"Ke kinka sa gyaɗa cikin miya don ki kashe min ɗiya!" in ji Inna Dudu, matar Bappa. "Annamimiya!"

"Wallahi Inna ban sa ba... Allah na gani," Barakatu ta faɗa, hawaye na zuba.

Ba wanda ya saurare ta. Maƙwabta suka hana ta ko ruwan sha, har suna janye 'ya'yansu. Duk da haka, da aka kai Yasira asibitin Yelwa ta bi su, ta rakuɓe a bakin ƙofa tana roƙon Allah ya tashi kafaɗun Yasira.

Malama Christiana, ma'aikaciyar jinya, ta sa aka kawo duk abin da yarinyar ta ci. Ta fito da 'yan tsinkayen gwaji, ta ce layi biyu na nufin akwai gyaɗa. Miyar Barakatu, layi ɗaya. Tuwo, layi ɗaya. Sai yajin da Inna Dudu ke barbaɗa wa Yasira a kan gasasshen kifi, wanda ba ta yarda kowa ya taɓa... layi biyu raɗau!

"Ai ƙuli-ƙuli na daka ciki," Inna Dudu ta ce. "An matse mai, ina gyaɗa ta saura?"

"Ƙuli-ƙuli gyaɗa ne, baiwar Allah!" in ji Malama Christiana.

Allahu Akbar! Bappa Sallau ya fashe da kuka. Ya sa Inna Dudu ta bi gida-gida tana janye ƙazafinta, ta kwashe da hannunta kayan Barakatu da ta watsar, ta nemi gafararta a gaban matan nan.

Ranar da aka sallami Yasira, uwarta ta miƙa mata abinci a cokali. Yarinyar ta kau da kai.

"Ni Yaya Barakatu za ta ba ni."