Siririn Wata a Gabas

Shuyin ba ta taɓa manta ranar da ta fara ganin Zeming ba. A kan gadar unguwarsu ne a Yangzhou, ya kafa madubin hangen nesa yana barin masu wucewa su leƙa wata kyauta. Ta leƙa, ta ja da baya.

"Kai! Ashe duk ramuka ne? Ina zomon da aka ce yana ciki?"

"Ya tafi hutu," in ji shi, ko murmushi bai yi ba. Ita ce ta yi ta dariya har da hawaye.

Tun daga ranar suke tare. Ga shi yanzu ya samu aikin binciken taurari a kan wani dutse can yammacin ƙasar, zai tafi bayan bikin tsakiyar kaka, yana so ta bi shi a matsayin matarsa. Ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba, domin gidansu ya rikice.

Mahaifinta, Malam Gu, tsohon malamin adabi ne mai tsara waƙoƙi irin na mutanen da. Ranar da ta kawo Zeming gida, abokan Malam sun hallara ana shan shayi. Malam ya karanta wata waƙarsa: fitila na ci a taga, hayaƙin murhu na tashi, siririn wata kamar ɓarin farce yana rataye bisa rufin gidajen gabas. Tsofaffi suka gyaɗa kai. Sai Zeming ya yi gyaran murya.

"Waƙar ta yi daɗi, Malam. Sai dai da almuru ba a ganin siririn wata a gabas. Yamma yake, yana shirin faɗuwa."

Wani tsoho ya ƙunshe dariya a hannun rigarsa. Malam Gu ya ajiye kofinsa a hankali, ya shige ɗaki. Da baƙi suka watse, magana ɗaya ya yi: "Kada yaron nan ya sake taka mini gida."

Gwaggo Meifen, ƙanwar Malam da ta raini Shuyin tun rasuwar mahaifiyarta, ta tafa hannu. "Tabɗi! Wannan ne mai ilimin? An kawo shi neman aure, ya zo gyaran jarrabawa!"

"Gwaggo, ba da mugun nufi ya faɗa ba."

"Harshensa dai ya riga hankalinsa isowa. Ki ce masa ya je ya nemi auren watan, tunda ya san inda yake kwana!"

A waya ma ba sauƙi.

"Ka zo ka ba shi haƙuri, Zeming."

"In ce me? In ce wata ya canza hanya saboda Babanki?"

"Haba! Lissafinka ya fi ni ke nan?"

"Ban ce ba. Amma tikitin jirgi na hannuna, Shuyin, har yau ba ki ba ni amsa ba."

Ta kashe wayar tana kuka. Abinci ya daina shiga, barci ya ƙaura. In ta zauna ta tashi, in ta ɗauki littafi ta tsaya a layi ɗaya. Ba ta iya tsallake maganar uba, ba ta kuma iya cire yaron daga ranta.

Wata asuba, saura mako biyu da 'yan kwanaki biki, ta gaji da juyi a kan gado ta fito baranda. Sai ta tarar da mahaifinta tsaye da rigar barci, ya kafe ido waje ɗaya. Ta bi idonsa. Can bisa rufin gidajen gabas, ga siririn wata kamar ɓarin farce, ƙasansa hayaƙin masu dafa kunun waken suya yana tashi.

"Baba… ga shi a gabas!"

"Kullum ƙarshen wata nan yake fitowa," in ji shi, bai juyo ba. "Shi na gani ta tagar asibiti safiyar da mahaifiyarki ta cika. Na ɗaga kai ne don kada ma'aikata su ga fuskata."

"Me ya sa ba ka faɗa ba ranar?"

"In buɗe wannan a gaban mutane don in ci gardama da yaro? Matata ce, ba hujja ba ce." Muryarsa ta sauka. "Ita ta tafi da asuba. Ke kuma za a kai ki yamma, inda ko murya ba ta kaiwa."

Ta riƙe hannunsa har gari ya waye. Sannan ta kira Zeming.

"Leƙa gabas gobe kafin fitowar rana," ta ce, ta gaya masa sauran.

Nan take Zeming ya gane. "Tsohon wata ne. Na san shi, ina koyar da shi ma! Na ji fitila da hayaƙi, sai na yanke cewa dare ne ke shigowa. Wayyo, Shuyin, me na yi?"

Ranar biki Gwaggo ta jera 'ya'yan itace a baranda, ta kunna turare, wata ya fito fal. Aka ƙwanƙwasa ƙofa.

"Af! Ga mai gyaran jarrabawa," in ji Gwaggo, amma ta matsa masa hanya.

Zeming ya zuba shayi, ya riƙe kofin da hannu biyu, ya sunkuya gaban Malam. "Na yi gyara a inda ya kamata in yi tambaya. Watanku daidai yake, Malam, ni ne na yi kuskure. Ku yafe mini."

Kofin ya cika, shayin mai zafi na neman zuba. Malam Gu ya dube shi ya daɗe, bai karɓa ba. Sai ya jawo wainar wata, wadda ake ci a bikin, ya ɗauki wuƙa. Kowace shekara gida huɗu yake yanka ta: nasa, na Gwaggo, na Shuyin, da na marigayiya da ake ajiyewa a faranti. Shuyin na bin wuƙar da ido. Gida biyar ya yanka ta. Sannan ya miƙa hannu ya karɓi kofin.

"Zauna kafin ka ƙona mini ƙafa. Gobe kuma ka nuna mini ramukan watan nan da ake ta faɗa."

Gwaggo ta juya tana share ido, wai hayaƙin turare ne.

Haka abin yake: mai sani in ya yi gaggawar magana yakan taka ciwon da bai gani ba, wadda kuma ta yi haƙuri tsakanin uba da masoyi ba ta rasa ko ɗaya.

Shuyin ta miƙe, ta dubi farantin mahaifiyarta, ta dubi Zeming, sannan ta tsayar da ido a kan mahaifinta.

"Zan aure shi, Baba, zan bi shi dutsen. Amma na yi maka alkawari, muddin kana yanka wainar nan, ba za a taɓa ajiye rabona a faranti ba. Da hannuna zan zo in karɓa."